Wankin Hoto

Shagona yana bayan Ƙofar Marke,
taku huɗu tsawonsa, faɗinsa uku.
Masu neman fasfo ke zuwa,
in ce su ɗaga haɓa, kada su ƙifta.
Ba wanda ya san akwatin ƙarfen da nake zama a kai
yaƙi ne a cikinsa.

Shekara biyu na yi a ƙasar da ruwan sama ba ya gajiya.
An ba kowa bindiga, ni aka rataya mini kyamara,
aka ce, Kofur Mudi, kai ne idon bataliya.
Ido kuwa ba ya harbi, ba ya tare harsashi,
sai dai ya gani ya kasa mantawa.

Kalma ɗaya ta ishe mu aiki a can:
mala'ika ya ɗauki rai,
ni in ɗauki hoto,
mutum huɗu su ɗauki abin da ya saura.

Da dare in koma magatakarda.
Attahiru ɗan majema bai yi boko ba,
shi ke faɗa, ni ke rubutu bisa gwiwa:
"Ka ce wa Inno muna ƙoshi.
Ka ce shinkafarsu ba ta kama ƙafar ta Kwalkwalawa ba.
Kada ka sa zancen jiya."
Ban sa ba.
Wasiƙa ta kwashi ƙoshi ta yi Sakkwato,
zancen jiya ya kwana cikin fim.

Hoto talatin da shida fim ke ci.
Na goma sha bakwai, Attahiru ne da ɓarin kwakwa,
hular kwano a karkace, wushirya a waje.
Na sha takwas sama ce kurum da reshen itace,
don faɗuwa na yi, yatsana ya latsa.
Na sha tara kuwa.

Ofis ya karɓi nasa:
fareti, tuta, manya na musabaha.
Sauran suka biyo ni gida cikin safa.

Ba a yi masa wanka ba.
Liman ya ce irinsu da jininsu suke tafiya.
Sai ni na yi masa irin nawa wankin
a ɗakin duhu, ƙarƙashin jan ƙwai.
Na tsoma farar takarda cikin ruwan magani,
ina kaɗa tasar kamar mai rarrashin jinjiri.
Goshi ya fara fitowa,
sannan idanu, sannan dariyar gaba ɗaya.
Na shanya shi a igiya yana ɗiga.

Wata Laraba, bazara na narka kwalta,
tsohuwa ta tsaya bakin ƙofa, jika na riƙe da sandarta.
"Kai na Mudi mai hoto?
An ce ɗana na hannunka."
Na tashi daga kan akwatin.
Ta kai hoton dab da idon da yana ta rufe,
ta bi fuskar da ɗan yatsa har haɓa.
"Awo, shi na.
Amma ya rame. Kun ce kuna ƙoshi."
Na rasa inda zan ajiye idona.
"Mi yac ce da za shi tahi?"
Bai ce komai ba, ba a ba shi lokaci ba.
Na ce, ya ce a gaishe ki.
Ta kwance bakin zane za ta biya, na ƙi.
Ta bar goro biyu bisa benci.

Na sha tara yana nan, ban wanke ba.
In na ɗaga fim ɗin a hasken ƙofa
baƙi ya koma fari,
jini ya zama kamar nonon da aka ɓarar a ƙirji.

Ɗazu wani yaro ya shigo, gemu bai tsiro ba.
Fasfo takwas yake so, da gaggawa,
gobe ake ɗibar sabbin soja.
Na gyara masa wuyan riga.
Na ce ya ɗaga haɓa.
Na daɗe ina dubansa ta cikin gilashi,
har ya ce, "Baba, ka ɗauka mana."